Ɗalibi, Duba Layin Ƙasa

Akwai wata ɗabi'a da ta kama ɗalibanmu masu rubuta furojet, har da 'yan Batsari da Safana da ke karatu a jami'o'in Dutsin-Ma da Katsina, kuma ta daɗe tana damuna. Yaro zai kwatanta amfanin gonar rukuni biyu na manoma, ya zuba alƙaluma cikin SPSS, manhajar ta fito masa da layi biyu. Sai ya kwafe na sama ya wuce, kamar yadda ya ga na gaba da shi sun yi.

Layin sama tsohon gwajin nan ne da ya samo asali daga aikin William Gosset na 1908, wanda ya ginu a kan cewa warwatsuwar alƙaluma a rukunan biyu ɗaya ce. Na ƙasa gyaran Bernard Welch ne na 1947, shi bai ɗora wannan sharaɗi ba.

To, mu dawo gida. A ce ka je Darini da kewaye, kana auna damin geron manoman da ke kusa da gari da na waɗanda gonakinsu ke bakin dajin Rugu. Na kusa da gari, abin da suka samu bai yi nisa da juna ba. Na bakin daji kuwa, wani ya cika rumbu, wani ya yi shuka 'yan bindiga suka hana shi noma, wani ko gonar bai taka ba. Kuma da yake shiga wajensu sai da shahada, kaɗan za ka samu ka tambaya. Ga rukuni ƙarami, ga warwatsuwa mai yawa: a nan ne tsohon gwajin ya fi yawan shelar bambancin da babu shi. Da irin wannan sakamako ake rubuta shawarar wa za a ba taki.

Wasu malamai kan ce a fara duba gwajin Levene, mai duba ko warwatsuwar rukunan biyu ɗaya ce. Ban gamsu ba, domin idan mutanen kaɗan ne, sau da yawa ba ya gano matsalar ko tana nan. Manhajar R ma da Welch take farawa sai in ka hana ta, kuma ko warwatsuwar ta zo ɗaya, abin da ka rasa bai taka kara ya karya ba.

Malamai masu duba furojet, don Allah ku sa yaranmu su ɗauki layin ƙasa, su kuma rubuta tazarar da ke tsakanin manoman bakin daji a fili, kusa da matsakaicin.