Zane a Kan Gilashi: Nazarin Fasahar da Ta Koma Cikin Waya

Mujallar The New Yorker ta Amurka ta fito ranar 1 ga Yuni, 2009, da bangon da ba a taɓa fenti ko takarda wajen zana shi ba. Jorge Colombo ne ya zana shi da yatsa a kan iPhone, yana tsaye a bakin titi a New York, da wata ƙaramar manhaja mai suna Brushes. Daga nan masana zane suka shiga ja-in-ja: abin da yatsa ya ja a kan gilashi fasaha ce ko wasa?

Wanda ya fi kowa ɗaga darajar wannan aiki shi ne David Hockney, mai zanen Ingila da aka haifa a 1937. Ya haura shekara 70 sa'ad da ya fara zana furanni da fitowar rana da babban yatsansa, yana aika wa abokansa tun da sassafe. A 2010 aka baje kolin waɗannan zane-zane a Paris, a kan allunan iPhone da iPad. A 2018 kuma aka buɗe tagar gilashi mai launi da ya tsara da iPad a cocin Westminster Abbey. Da dattijo irinsa ya rungumi abin, sai bakin masu raini ya mutu.

Abubuwa uku ne allon waya ya sauya wa mai zane. Na farko haske. Fenti a kan ƙyalle sai haske ya faɗa masa ake ganinsa, amma launin waya daga cikin allon yake fitowa, shi ya sa ake iya zana alfijir tun ɗaki bai waye ba. Na biyu kuskure. Mai zane da tawada in hannunsa ya goce, dole ya san yadda zai zauna da gocewar, kuma sau da yawa daga nan salo ke samuwa. A waya kuwa taɓawa ɗaya ke mayar da aiki baya, kuma ana jera zanen hawa-hawa, a gyara wani hawan ba tare da an taɓa sauran ba. Wannan ya cire wa mai koyo tsoro, amma ya rage masa tsai da shawara. Shi ya sa ayyuka da dama ke fitowa sumul, kamar hannu ɗaya ne ya yi su. Na uku shi ne naɗar aikin. Procreate, wadda wani kamfani na Hobart a Ostireliya ya fitar a 2011, da ibisPaint ta Japan, suna adana kowane jan layi, su maimaita shi a bidiyo. Abin da a da sai almajiri ya daɗe gaban gwani yake gani, yau yana kallonsa cikin minti ɗaya.

Akwai kuma abin da aka rasa. Gilashi santsi gare shi, ba ya tirjiya kamar takarda, ba shi da kaurin fenti. Sannan babu na asali: abin da Hockney ya aika wa abokinsa daidai yake da wanda ya rage a wayarsa, lamarin da ya rikita kasuwar da aka gina a kan cewa zane guda ɗaya ne tak.

Sai dai ba duk manhajar da ke kiran kanta ta zane ce ke ba mutum burushi ba. A 2016 Prisma ta bazu a duniya: ka ba ta hotonka, ta mayar da shi cikin salon wani shahararren mai zane. A ƙarshen 2022 Lensa, daga kamfani ɗaya, ta shiga ƙera hotunan fuska da ƙirƙirarriyar basira, masu zane suka koka cewa da ayyukansu aka horar da na'urar ba tare da izininsu ba. Mai amfani da irin waɗannan kamar wanda ya kai wa tela yadi ne ya zaɓi ɗinki: rigar tasa ce, amma ba shi ne telan ba. Procreate ta ja layi a watan Agustan 2024, inda shugabanta James Cuda ya ce ba za su saka irin wannan basira a manhajarsu ba.

Saboda haka tambayar ko zanen waya fasaha ce ta riga ta sami amsa. Ma'aunin da ya rage shi ne: wa ya yanke shawarar inda layi zai bi, da launin da zai zauna kusa da wani? In mutum ne, to zane ne, ko da yatsa aka yi shi a kan waya mai araha. In na'ura ce, to hoto aka saya. Matashin da ke son wannan sana'a ya zaɓi manhajar da za ta sa hannunsa aiki, ya kuma riƙa zane da biro lokaci-lokaci, inda babu damar komawa baya.