Su wane ne kurayen cikin The Lion King?

Jama'a, da wuya ka shiga gida mai yara a Agege ka tarar ba a kalli The Lion King ba, ko a talabijin ko a wayar uwar gida. Kamfanin Disney na Amurka ya fara fitar da shi da zane a 1994, ya sake shi a 2019 da dabbobin kwamfuta waɗanda sai ka rantse daga daji aka kamo su. Aiki dai ya yi kyau, babu gardama.

Abin da aka fi yabawa a na 2019 shi ne an ba baƙar fata yawancin muryoyin. Chiwetel Ejiofor, ɗan asalin ƙasar Ibo, shi ya yi muryar mugun zaki Scar. John Kani na Afirka ta Kudu ya yi ta biri Rafiki. Faifan waƙoƙin da Beyoncé ta haɗa ya ɗauko Wizkid da Burna Boy da Tiwa Savage. Madalla. Da yawa daga sunayen na Swahili ne, waƙar buɗewa da Zulu, Hausa ko kalma babu. Wannan bai dame ni ba sosai.

Kurayen ne suka tsaya mini a rai. Ku duba inda aka ajiye su: can bayan iyaka, cikin duhu da ƙasusuwan giwaye, kullum yunwa. Ƙasar zakuna tana cikin ni'ima har ranar da aka buɗe musu ƙofa suka shigo, sai ciyawa ta bushe, nama ya ƙare. Da aka kore su, ruwa ya sauko. Babu wanda ya tambayi abin da ya hana su abinci tun farko. A na 1994 ma mutane a Amurka sun yi ƙorafi cewa an ba kurayen harshen baƙaƙe da 'yan Meziko na unguwannin talakawa. A 2019 an gyara muryar, amma labarin yana nan yadda yake.

Za a ce ai mu ma a tatsuniya kura ba ta da mutunci. Haka ne, sai dai kurar tatsuniya 'yar gari ce, tare da Gizo take cin kasuwa, kwaɗayinta ake wa dariya. Ba a taɓa cewa zuwanta ne ya hana ruwan sama ba. Mu da muka ga Idi-Araba a 2002 da Mile 12 a 2016 mun san inda maganar “baƙi sun ɓata mana gari” take kaiwa. Ɗanka da ɗan maƙwabcinka Bayarabe a tabarma ɗaya suke kallon fim ɗin nan. (Rafiki kuwa daga Larabci yake, ma'anarsa aboki. A fim shi ne dattijo mai hikima. A tashar Oshodi kun san yadda ake furta kalmar.)

Mufasa na 2024, wanda Barry Jenkins ya shirya, ya ɗan fi adalci. A can shi kansa Mufasa baƙo ne, ambaliya ta raba shi da iyayensa, sarki Obasi ya ƙi karɓarsa don ba jininsa ba ne, daga baya halinsa ya kai shi sarauta. Da wannan zan fara wa yarana. Amma ko a nan, miyagun fararen zakuna ne da aka laƙaba wa suna “'yan waje”.