Katangar Pink Floyd: Ƙarfi da Raunin Faifai Mai Labari Ɗaya

A watan Yuli na 1977, a babban filin wasa na Montreal da ke Kanada, Roger Waters na ƙungiyar Pink Floyd ya hasala da wani ɗan kallo a gaban dandamali, har ya tofa masa yawu. Abin ya tsaya masa a rai. Daga nan ne aka samo The Wall, wato Katanga, faifai biyu masu waƙoƙi 26 da suka fito a ƙarshen Nuwamba 1979.

Irin wannan aiki ba tarin waƙoƙi ba ne, kowace da inda ta dosa. Jera su ake yi kamar babi-babin littafi. A nan labarin wani mawaƙi ne, Pink, mai gina katanga tsakaninsa da jama'a, kowane baƙin ciki kuma tubali ne: malami mai muzanta yara, uwa mai kaka-gida, matar da ta juya baya, da uban da yaƙi ya cinye. Mahaifin Waters kansa a Anzio ta Italiya ya rasu a 1944, ya bar shi jariri ɗan wata biyar.

Ƙarfin salon yana fitowa fili a waƙar Comfortably Numb. Ka ji ta ita kaɗai, za ka ce waƙa ce mai daɗi. Amma ka iso ta bayan ka bi Pink har katanga ta rufe, ga shi zube a ɗakin otal, likita na yi masa allura don a tura shi dandamali ko ta halin ƙaƙa, sai jitar ɗan ƙungiyar, David Gilmour, ta zama kukan wanda ya kasa kuka. Ƙarar jirgi mai saukar ungulu, wayar da ke ta ringi, surutun talabijin, duk suna ɗinke labarin. Jimlar da aka yanke a ƙarshen faifai na biyu ma, a farkon faifan farko aka ƙarasa ta. Wannan dabara har yau tana sa tsigar jikina tashi.

To amma labari ubangida ne mai son a yi masa bauta. Cikin kusan minti 80, akwai waƙoƙin da aikinsu kawai su kai ka ga ta gaba, kuma waƙar The Trial ta fi kama da wasan kwaikwayo fiye da kiɗan rok. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne matan labarin: da uwa da mata, ba wadda aka bari ta faɗi nata, sai yadda Pink ya gan su. Ƙungiyar ma ta ɗanɗana wannan mulkin mutum ɗaya, don a lokacin aikin ne aka sallami Richard Wright, mai kaɗa fiyano.

Sai kuma abin mamaki: waƙar da ta fi tasiri ita ce wadda ta ɓalle daga labarin. Another Brick in the Wall kashi na biyu, mai muryoyin 'yan wata makaranta da ke Islington a Landan, ɗaliban Afirka ta Kudu suka mayar da ita taken ƙaurace wa aji, gwamnatin wariyar launin fata ta haramta ta a 1980. Ba ruwansu da Pink.

A ganina faifan farko gwaninta ce tsantsa, na biyu kuwa da an rage masa kaya da ya fi haka armashi. Duk da haka, mai son ya yi wa The Wall adalci, ya zauna ya saurare shi daga farko har ƙarshe.