Waƙar Omdurman a Hannun Baƙon Injiniya

A zamanin A'isha al-Falatiya, 'yar asalin Hausawa da ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a Rediyon Omdurman da ke Sudan cikin shekarun 1940, mawaƙi da makaɗa da mai ɗaukar sauti duk ɗaki guda suke. In goge ya danne murya, sai a ce mai shi ya ɗan ja baya, shi ke nan an daidaita.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu 2023, makaɗan Sudan suka tarwatse, wasu Alƙahira, wasu Kampala, wasu Nairobi. Yanzu a ɗauki murya a nan, a ɗauki kiɗa a can, a tura wa injiniyan wata ƙasa ya haɗa. Ban ga laifin haka ba, hanyar da ta rage ke nan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake tura kayan.

Injiniya zai buɗe saƙo ya tarar da fayil rututu, babu mai suna sai lamba. Wannan ya fara daga farkon waƙa, wancan daga tsakiya. Muryar an riga an lafta mata amsa-kuwwa wadda ba ta ciruwa, sannan an matse komai ya koma MP3 an cilla ta WhatsApp. Na san uzurin. Lokacin da layukan sadarwa suka ɗauke a Sudan a Fabrairun 2024, sai da mutane suka koma sayen intanet ɗin Starlink awa-awa. Amma abin da MP3 ya yanke daga sauti ya tafi ke nan. Gara a kwana biyu ana tura WAV, kowane layi da sunansa, duka sun tashi daga wuri guda, muryar kuma tsurarta.

Wannan duk gyaran gida ne. Babbar maganar ita ce kunne. Waƙar Khartoum a kan amo biyar take tafiya, masu goge suna zamewa daga amo zuwa amo, gangar dalluka da tafin mata kuma suna da wata jinkirtawa da gaggawa tasu wadda nan daɗin yake. Baƙon injiniya, da kyakkyawar niyya, zai ga tafin bai hau kan layin kwamfuta ba ya miƙe shi, ya ji murya ta lanƙwasa ya sa mata Auto-Tune. Duk wanda ya taɓa jin kalangun da aka yi wa irin wannan gyara a situdiyon Kano ya san asarar. Shi ya sa nake ganin wajibi ne mawaƙi ya haɗa da nasa ɗanyen haɗin, komai muninsa, da 'yan layuka na bayani: ga ma'anar baitin, ga kiɗan da ke jan ragama, ga wurin da ba a taɓawa.

Sannan ya ajiye kwafin asali a hannunsa. Ginin rediyon Omdurman, da taskar faya-fayensa, ya zauna a hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan har Maris 2024. Waƙoƙin mawaƙin Sudan Kamal Keila da kamfanin Habibi Funk na Berlin ya fitar a 2018 kuwa, daga faya-fayen rediyo da shi kansa ya adana aka samo su.