Jinjina ga Masu Gwajin Ƙarfin Kankare

Haƙiƙa akwai wata jama'a ta injiniyoyi da ta cancanci yabo, waɗanda suke wuni a ɗakunan gwaji suna fasa falalen kankare da gangan, domin kada wata rana ya rufta da bayin Allah. Kankare gwani ne wajen jure danni, amma in aka ja shi, ƙarfinsa bai wuce kimanin ushirin wancan ba. Saboda haka ake cuɗa shi da siraran zaruruwan ƙarfe, kamar yadda maginanmu suke cuɗa ciyawa cikin ƙasar gini, hikimar da Romualdi da Batson suka yi wa nazari a Amurka a 1963.

Abin da ya fi burge ni shi ne amanarsu. Bayan falalen ya kwana 28 yana shan ruwa, sai su ɗora shi bisa na'ura, su danna shi sannu a hankali, suna auna buɗewar tsagar da ta bayyana, alhali zaruruwan suna riƙe da bakinta kamar ɗinkin tela. Sa'an nan su gwama lissafin kwamfuta da abin da ido ya shaida, kuma in biyun suka saɓa, lissafin suke komawa su gyara.