Gasar Ɗan Gurmu da Maganar Nauyin Gaɓa

Tun daga 1987, lokacin da aka ƙago gasar Ɗan Gurmu don tunawa da mawaƙin nan na Tawa, samarin mawaƙan Nijar suka sami dandalin gwada muryoyinsu. A zagayen ƙarshe na irin wannan gasa, abin da jama'a suka fi yi wa tafi shi ne zaƙin murya da daɗin kiɗa. Harshen da aka rera waƙar da shi ba a cika kula da shi ba, alhali kuwa a nan ne ake bambanta gwani da ɗan koyo.

Waƙar Hausa ta baka a kan nauyin gaɓa take tafiya. Gaɓa mai dogon wasali, ko wadda ta ƙare da baƙi, tana cin lokacin gaɓa biyu marasa nauyi. Makaɗan gargajiya ba su karanta wannan a littafi ba, amma da wuya a ji sun saɓa masa. Karin sauti kuwa sukan sassauta shi, domin muryar waƙa takan rinjaye shi, sai ma'anar jimla ta raba kukan jariri da kukar miya. Tsawon wasali ba ya karɓar wannan sassauci. Yaron da ya ɗauko karin waƙar baƙi ya ɗora masa kalmomin Hausa yakan ja wasalin farko na gari, wato mazaunin mutane, har ya koma garin tuwo. Ƴan kallo na iya yin tafi, amma kunnen Bahaushe ya ji tuntuɓen.

Wani ɓangare na laifin yana ga rubutu. Bayan taron Bamako na 1966 an yi zamanin da ake ninka dogon wasali a littattafan yaƙi da jahilci na Nijar, daga baya aka bari. Matashin da ya tsara waƙarsa a takarda ba ya ganin tsawon da bakinsa ya sani, musamman in da Faransanci ya fara koyon karatu, inda tsawon wasali ba ya raba kalmomi haka.

Ya kamata a sa masanin harshe cikin alƙalan zagayen ƙarshe, a ware maki na daidaiton gaɓa da kiɗa. Sai dai kada ya auna ɗan Adar ko na Gobir da ma'aunin Hausar Kano. Wanda ya ce shina zuwa maimakon yana zuwa bai yi kure ba, kuma nauyin gaɓoɓin biyu ɗaya ne.