DJ a Ƙauyukan Arewacin Kano: Amo Akwai, Kiɗan Fa?

Da kaka, idan gero da gyaɗa sun shiga gida, bukukuwa sai su yi yawa a ƙauyukan Bichi, Dambatta da Kunchi, kasuwar DJ kuma ta buɗe. Yakan iso da manyan lasifiku ɗaure a bayan babur, ga janareta, ga memori cike da waƙoƙin Ado Gwanja da Hamisu Breaker. Tambayar samari ɗaya ce: kayansa suna da duka? Suna nufin amon nan mai kauri da ƙirji ke ji kafin kunne, wanda ke sa kwanon rufi karkarwa. A yankin da gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, ba a buƙatar katin gayyata.

Dattawa na cewa baƙon abu ne. Kayan ne baƙi, amon kam ɗan gida ne. Gangar noma da ake kaɗa wa 'yan gayya, tambarin fada, ƙwaryar da mata ke kifawa a kan ruwa su doka, duk wannan nauyin suke nema.

Samarin Landan da Bristol ma shi suka bi a farkon shekarun 1990, da yawansu 'ya'yan baƙi ne daga Jamaika, ƙasar da ta shahara da tara lasifiku a titi. Suka yanko 'yan daƙiƙoƙi na kiɗan ganga daga wani faifan ƙungiyar mawaƙa ta The Winstons na 1969, suka ƙara masa gudu har wajen bugu 170 a minti, suka shimfiɗa amo mai duhu a ƙarƙashi. Manyan gidajen rediyo ba su kula su ba, sai tashoshin ɓoye irin Kool FM, wadda ta fara a 1991. Makaɗi Goldie da abokan aikinsa suka kafa kamfanin faifai na Metalheadz a 1994. Haka aka haifi kiɗan drum and bass. Darajar DJ a can ita ce ya zo da kiɗan da babu mai shi sai shi, ya saƙa shi da wani ba tare da rawa ta tsaya ba.

Nan ne namu ya gaza. Abin da ke memorinsa yana wayar kowa. Makaɗin kalangu ya san taken kowane manomi, yana hango shi zai juya kiɗa, mutum ya ji tsikar jikinsa ta tashi. DJ sai dai ya kira sunan mai liƙi a makirufo.

Ana ta muhawara kan cuɗanyar maza da mata da raba dare, Hisba na tsawatarwa, kuma akwai gaskiya a ciki. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne: makaɗan noma na tsufa, 'ya'yansu sun koma acaɓa. Alhali kuwa wayar da ke aljihun DJ za ta iya naɗar gangar tsohon da ke bayan gidansu, kwamfutar da ake tura waƙa da ita a shagon caji kuma ta isa a yanka kiɗan a sake gina shi.